Shurin da Ke Tayar da Fanka

Duk layin garejin sun san shi da Mai Fanka, ko da yake wayarin mota gaba ɗaya yake gyarawa. Sunan ya kama shi ne saboda in aka kawo motar da iska ta daina fitowa, ba ya gaggawar ɗaukar sukundireba. Sai ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makunni, ya kasa kunne. In fankar na ƙas-ƙas, ganye ne ya faɗa mata. In ba ta juyawa sai an kai ta ƙarshen gudu, lafiyarta ƙalau, 'yar na'urar da ke rage mata gudu ce ta ƙone. In kuwa shiru ne, sai ya duba fis ɗin wutarta, sannan ya daki ƙasan aljihun gaban mota da tafin hannu. In ta farka, to kabon ɗinta, ɗan gawayin da ke kai mata wuta, ya cinye, sai sabuwa.

Amma tasa motar fa? Kabon ɗin fankarta ya daɗe da cinyewa, kullum gobe zai canza. Matarsa ce ta gano maganin. Fankar tana daidai saitin ƙafar mai zaman gaba, don haka da ya kunna mota sai matar ta kai wa murfin fankar shuri ɗaya, iska ta taso. Tana shurin tana yi masa tsiya, wai ya sanyaya duk garin ya bar matarsa tana gumi. Shi kuma ya ce ai yana da injiniya a gida, me zai kai shi wahala. Haka yaransu suka tashi a kujerar baya suna jiran shurin Umma, da zafi don sanyi, da damina don ɗumin da ke share raɓar gilashi. Har murfin ya yi fari a wurin da takalminta ke sauka.

Da Allah ya yi mata rasuwa, kujerar ta zama wayam, shi kuwa daga kujerar direba ƙafarsa ba ta kaiwa can. Sai ya koma tuƙi da tagogi a sauke, ranar ruwa yana goge gilashi da hannun riga. Makwabtansa a gareji suka yi ta zolayarsa, ya yi dariya kawai. Gaskiyar ita ce ba ya son taɓa wurin. Gani yake in ya cire fankar nan, ya cire abin da ya rage masa nata.

Auta ce ta matsa masa, 'yarsa ta ƙarshe, wadda yanzu ita ma ke da nata yaran. Wata rana ana ruwa ta ga yadda yake leƙen hanya ta gilashin da ya yi duhu, hankalinta ya tashi. Ta ce ko ya gyara, ko ta kai motar wani garejin a gaban idon abokan aikinsa. Wannan kam ba zai iya ɗauka ba.

Washegari ya cire kan batir, ya kwanta rigingine a ƙasan kujerar, ƙafafu a waje. Ya kwance murfin, ya zare soket, ya sauko da tsohuwar fankar. Ta yi baƙi da ƙura, kabon ɗin ya zama ƙaramin gutsure. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya ɗaura sabuwar. Mai sayar da kayan ya haɗo masa da sabon murfi, amma tsohon ya mayar, mai farin tabon.

Auta ta shiga gaba ta zauna. Ya mayar da kan batir, ya shiga ya murɗa makunni, nan take iska ta taso, mai ƙarfi, ba gardama. Aiki ya yi kyau, shi ne kuma abin da ya fi yi masa ciwo. Ya riƙe sitiyari bai sa giya ba.

"Baba, ai ta tashi," in ji Auta.

"Na ji," ya ce, amma bai motsa ba.

Ta dube shi, ta dubi tabon da ke saitin ƙafarta. Sai ta ɗaga takalmi ta kai wa murfin shuri ɗaya.

Sannan ya ja motar.