Ranar da Inna ta Kira Sunan Yaya

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina jiran a miƙo mini koko, sai wata mata ta rangaɗa guɗa a gidan maƙwabcina, ashe suna ake yi. Kafin ta sauke numfashi na ji hannuwana sun buɗe da kansu, kamar za a bugo mini ƙwallo. Jikana yana gefe yana latsa waya, ya ɗago ya ce, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya lau, tsohon gola ne ya motsa. Wannan yaron shi ne mai yi mini gardama kullum wai 'yan kallo ba sa cin ƙwallo, ko a gida ko a waje ƙafa ce ke aiki, sauran duk hayaniya ce. Yana sakandare, har da tabarau. Ni kuwa a aji huɗu na tsaya a firamare, shi ma sau biyu na yi shi don ya zauna da kyau. To ku saurara ku raba mu.

A Tungan Maje na tashi, tun ana kiran wurin ƙauye ba a jin kunya. Bayan gidanmu akwai masussuka, inda ake bugun dawa. Da an gama haƙar doya an kai amfani rumbu, sai masussukar ta zama filin ƙwallo. Gora biyu da igiya a sama, raga ta samu. Har yau in na ji warin ciyawar da aka ƙona sai in tuna yammacin Asabar a filin nan, ƙasa ta yi laushi a tafin ƙafa, inuwar ɗorawa ta miƙe ta rufe gefe guda. A filin nan ba a taɓa cin mu ba. Mun je ƙauyukan mutane an yi mana dukan da ba na son a tuna, amma a masussuka, sai dai baƙo ya sha ruwa ya koma.

Ba wai mun fi kowa iyawa ba ne. Ni da nake tsaron raga, gaskiya tsayina ne ya ba ni aikin. Sirrin yana bakin fili. Tsofaffi suna kan saiwar ɗorawa, Kawu a tsakiyarsu da garin taba a leɓe, yana kiran ɗan wasan baƙi yana tambayarsa ko ƙafar hagunsa aro ce. Maƙwabcinmu dattijon Gbagyi, wanda ke kaɗa ganga a cocinsu ranar Lahadi, a kanmu yake gwada hannunsa ranar Asabar. Yara da gwangwanaye, mata a bakin danga da guɗa a shirye. Alƙalin wasa kuwa hedimastanmu ne, mutum mai adalci ƙwarai, sai dai adalcinsa yana da kunne. In tsofaffi suka ce an yi ƙeta, yakan duba da kyau ya ga lallai an yi.

Mutum ɗaya ne ba ya zuwa bakin filin nan, Inna. Dalili kuwa Yaya, babban wana, shi ne kyaftin ɗinmu kuma mai ci mana ƙwallo, shi ne kuma ɗan farinta. 'Yan zamani ba za su gane ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa kallonsa a gaban mutane. "Yaron nan" take ce masa, ko ta ce "wancan". In tana son ya ci abinci, ni za ta ce wa, "Ka gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali yana zaune kusa da ita. Ranar wasa takan jawo turmi bayan ɗakinta, jikin zanan da ya raba gidanmu da fili, wai can ya fi iska. Ragata tana daidai wurin, kuma a masussuka ba a sauya raga bayan hutu. Ina jin taɓarya tana sauka dum, dum, amma da ƙwallo ta je ƙafar Yaya sai dakan ya tsaya. Akwai wata 'yar ɓula a zanan nan da ba gara ce ta yi ta ba.

Sai gwamnati ta taso daga Legas ta ce nan kusa da mu za ta kafa babban birni ta zauna. Muka ga manyan motoci suna wucewa ta Zuba da kujeru da katifu, dare da rana. Aka cika Kubwa da ma'aikata, waɗanda ba su sami ɗaki a can ba suka gangaro wajenmu haya. Mutanen kirki ne, suna sayen doyarmu ba sa tayawa da yawa. A bakinsu muka koyi cewa oga. Samarinsu suna da ƙungiyar ƙwallo, da riguna iri ɗaya masu lamba a baya, da takalma masu haƙora. Suka ga masussuka ta yi musu, suka kuma ce su ma yammacin Asabar kaɗai suke da sarari. Aka yi ta ja-in-ja har magana ta kai gaban mai unguwa. Ya ce a buga wasa ɗaya. Wanda ya ci, yammacin Asabar nasa ne. Wanda aka ci, ya nemi tsakar rana. Yaya ya amsa nan take, bai ko waiwayi kowa ba. Wa zai ji tsoro a masussuka?

Ana gobe wasa mai unguwa ya tara gari. Ya ji labarin manyan ofis za su zo kallo, masu mota da direba. Ya ce waɗannan baƙinmu ne, kuma gwamnati ce da kanta, kada a ce mutanen Tungan Maje ba su da tarbiyya. Ba zagi, ba ihu, ba gwangwani. A shimfiɗa wa baƙi tabarmi a inuwar ɗorawa, mu mu tsaya a rana. Wanda ya ga abin burgewa ya tafa sau biyu ya yi shiru. Ya dubi Kawu musamman. Kawu ya tofar da tabarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, in tari ya kama ni fa?" Mai unguwa ya ce ya haɗiye. Dattijon Gbagyi ya ce, "To ganga fa, shi ma baƙo ne?" Aka ce ya bar ta gida. Ya zo da ita dai, ya kifa ta ya zauna a kai kamar kujera.

Ranar Asabar motocin safa suka iso daga Kubwa maƙil da mutane. Sun zo da ƙaho, da kalangun Yarbawa, da wani mai ƙaton ciki da ke ba da waƙa ana amsawa. Suka zauna a inuwarmu, kan saiwar tsofaffinmu. Mutanenmu kuwa sun jeru a rana, hannu a ƙirji, kai ka ce jana'iza ake jira. Na tsaya a ragata na duba. Ga gorar da na kafa da hannuna, ga zanan gidanmu a bayana, amma wallahi ji na yi kamar an ɗauke ni an ajiye a garin da ban san kowa ba.

Kowa ya taɓa ƙwallo a cikinmu sai ƙaho ya yi masa dariya. Ƙafafun da suka san kowane rami a filin nan suka fara tuntuɓe. Hedimasta ya daina duban tsofaffi, ya koma duban masu babbar riga, adalcinsa ya sauya unguwa. Kafin hutun rabin lokaci an zura mini biyu. Ta farkon, rana ce ta shiga idona. Ta biyun ma rana ce, duk da dai jama'a sun ce a lokacin akwai girgije. Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka ci ta biyu mutanenmu suka tafa sau biyu suka yi shiru, kamar yadda aka umarce su.

Da aka dawo, mai ƙaton cikin nan ya gano Yaya ne ƙarfinmu, sai ya yi masa waƙa. "Mai doya, koma gona!" Duk inuwar ɗorawa ta ɗauka. Yaya ya karɓi ƙwallo ya yanke mutum ɗaya, na biyu ya share masa ƙafa ya faɗi rigingine. Hedimasta ya ɗaga kai yana nazarin tsuntsaye. Waƙa ta ƙara ƙarfi. Yaya ya tashi zaune, ya haɗa kai da gwiwa, ya ƙi miƙewa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na ce a raina shi ke nan, mun zama 'yan tsakar rana a bayan gidanmu.

Sai na lura dakan ya daɗe da tsayawa. Na ji zana ya yi ƙara a bayana. Inna ce ta banƙare shi ta fito, taɓarya a hannu, gari har gwiwar hannu, ɗankwali ya karkace. Ta wuce ni kamar ba ita ta haife ni ba, ta tsaya a kan layi. Ta buɗe baki ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, da muryar da take kiran awaki daga bakin rafi. Kada ku tambaye ni sunan. Ita da ta haife shi ta riƙe shi a ciki tun yana tsumma, ba ni zan watsa shi a takarda ba.

"Tashi!" ta ce. "A bayan ɗakina za ka zauna a ƙasa? Doyar da suke faɗa, ba ita suka ci suka zo ba?"

Baƙi ba su san abin da ya faru ba, sun ga dai wata mata da taɓarya. Amma duk ɗan Tungan Maje ya sani. Na ga tsofaffi sun buɗe baki. Na ga Yaya ya ɗago yana waige-waige, yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa a wannan muryar ba. Goggo, ƙanwar Baba, ita ce ta fara dawowa hayyacinta, ta toshe hanci ta saki guɗa, matan bakin danga suka karɓe. Dattijon Gbagyi ya miƙe daga kan kujerarsa ya juya ta, yana cewa, "Maman yara ya yi magana, ni ma zan yi!" Kawu ya yi tarin da ya haɗiye tun jiya, tarin ya fito da sunan hedimasta a ciki da tarihin kakanninsa. Yara suka ruga gida ɗauko gwangwani. Mai unguwa ya ɗaga hannu zai tsawatar, ba wanda ya gan shi.

Abin da ya biyo baya ni kaina da nake ciki ban iya tsara shi. Na dai san Yaya ya miƙe, ƙwallon farko da ta zo masa ya ɗaɗa ta ta shige raga sai da igiyar sama ta tsinke. Na san hedimasta ya tuna yana da usur, ya kuma tuna a garin nan zai kwana, ya ba mu bugun fenariti wanda ko ni daga nesa na ga ya halatta, in an duba da zuciya ɗaya. Muka farke. Ɗan wasansu mai lamba tara ya taho mini shi kaɗai, mata suka yi masa guɗa a cikin kunne, ya rasa wace ƙafa zai yi amfani da ita, ya buga mini a fuska. Har yau ana lissafa wannan cikin manyan kamun da na yi. Ta ukun, wani siririn yaro ɗan gidan dattijon Gbagyi ne ya tura ta da gwiwa bayan Yaya ya ba shi. Da na waiwaya, mai unguwa yana tsakiyar fili ba hula, yana rawa da malafar wani.

Kyaftin ɗin baƙi, wani natsattsen saurayi ɗan can arewa da ke aiki a ma'aikatar tarayya, ya zo ya ba Yaya hannu. Ya dubi bakin fili ya ce, "Malam, waɗannan mutanen daga ina suka fito? Ɗazu ba sa nan." Yaya ya ce, "Suna nan, oga. Tun kafin ku zo suke tsaye." Daga baya ma mun riƙa barinsu suna buga Asabar ɗaya, mu ɗaya, amma kowa ya san aro ne.

Inna kuwa ba ta ga ko ɗaya daga cikin ƙwallayen nan a fili ba. Tana gama maganarta ta koma ta ja zananta, dakan ya ci gaba. Da magariba Baba yana alwala, yana danne dariya, ya ce, "Yau na ji wani suna a gari." Ta ce, "Akuya ce ta shiga mini gari, ita nake kora." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ka gaya wa wancan ruwan wankansa na hucewa." A kwanonsa na tuwo na ga tsoka biyu, a nawa romo. Ni da na tare ƙwallo da fuska.

Ba ta sake kiran sunan ba har Allah ya karɓi abarsa.

Masussuka ta yi mana wasu shekaru, sannan birni ya iso ya karɓe ta, shi bai ma nemi a buga wasa ba. Yanzu shaguna ne a jere, inda ragata take wani yana sayar da tayal. An sare ɗorawa. Yaran unguwa suna cika gidan kallo suna yi wa Turawa ihu ta cikin talabijin, mutanen da ba za su taɓa jin su ba, sannan su fito su gaya mini ihu ba ya cin ƙwallo.

Yaya yana nan, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Ranar Juma'a na kai masa jikan nan nawa ya maimaita gardamarsa a gabansa. Yaya ya saurara da hannu a bayan kunne, ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai san na Turai ba. Abin da ya sani, an yi masa guɗa ta fi a ƙirga, an yi masa kiɗa, duk sun bi iska, bai riƙe ko ɗaya ba. Ya nuna kunnensa na dama ya ce, "Amma sunan nan, sau ɗaya Inna ta kira ni da shi, har yanzu yana ciki."