Kawu da Dodon Cikin Waya

Ko na tsufa, ba na jin zan manta ranar da kawuna ya kayar mini da dodo ba tare da ya taɓa wayata ba.

Lokacin ina aiki a wani shago a Gaya. Mu huɗu ne muke buga wani gem a waya, inda ake shiga daji a yaƙi wasu ƙartin dodanni. Akwai ɗaya da ya gagare mu: tsayinsa kamar rimi, fatarsa kamar bayan kada, yana jan ƙaton kulki a ƙasa. Ni ne mai kwari da baka, kuma kullum ni yake fara murƙushewa. Har abokaina suka ce in na sake faɗuwa ranar Juma'a, za su nemi wani a madadina. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin ya ci mini rai sosai.

Ana gobe Juma'a, Kawu ya zo daga Ajingi gaida mahaifiyata. Tsohon maharbi ne, ya daina shiga daji tun da ciwon gwiwa ya matsa masa. Bayan la'asar ya same ni a zaure ina ta gwadawa ni kaɗai, ya zauna yana leƙe. Gaskiya na so ya tashi, don a ganina me mutumin da ko saƙo bai iya turawa ba zai gane a nan?

Sai da dodon ya kashe ni sau uku, sannan Kawu ya ce in sake shiga, amma kada in harba ko kibiya ɗaya, in yi ta kewaya shi kawai. Na bi don kunya. Ya ƙura wa wayar ido, ko motsi ba ya yi.

Can ya ce, "Ka ga kafin ya kai duka yana sauke kafaɗar hagu? In kulkin ya nutse a ƙasa, sai ya karkato wuya zai ciro shi. Nan ne naka. Kai tsoro ne ke sa ka harbi da wuri."

Wata biyu ina fama da dodon nan, ban taɓa lura da haka ba. Na jira kafaɗar ta sauka, na kauce, na sakar masa kibiya a wuya. A kibiya ta biyar ya durƙusa, ya zube kamar katangar da ruwa ya ci. Shi kuwa Kawu sai ya tambaye ni ko ana cin namansa, ya ɗauki buta ya fita.

Washegari muka kashe dodon mu huɗu, abokaina suna ta yaba ni. Na gaya musu ko aikin waye, suka ƙi yarda.

Daga ranar na daina raina sanin wanda bai san abin da na sani ba. Kuma in abu ya gagare ni, nakan tsaya in kalle shi da kyau tukuna kafin in kai hannu.