Yadda Mas'ud A-Kashe Ya Rage wa Kwamfuta Ɓarna

Ku gyara zama ku ji labarin Mas'ud na bakin tashar Bebeji, mai buga wa mutane takardu da katin biki a kwamfuta. Mutumin kirki ne, ga fara'a, sai dai Allah ya zuba masa tsoron ɓarnar fetur. Ka shiga shagonsa janareta na ruri, amma fanka a kashe, ƙwan fitila a kashe, rediyo ma sai lokacin labarai. Shi ya sa 'yan acaɓa suka laƙaba masa A-Kashe. Har matarsa Zubaida kan faɗa in ya ba da baya.

Wata rana yana kunna kwamfuta, hannunsa ya danne wani maɓalli, sai ga shuɗin allo cike da saiti, wanda masu gyara ke kira bayos. Ya ga abubuwa a jere, duk a kunne. Ya riƙe baki.

"Ashe nan fetur ɗina ke tafiya!"

Ya bi su yana kashewa, ya rufe shago yana murna.

Washegari surukinsa Malam Abdussalami ya iso daga Doguwa. Ɗalibansa za su yi saukar Alƙur'ani, yana son katin gayyata, kuma motar komawa da la'asar take tashi. Mas'ud ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yanzu-yanzu, Baba."

Kwamfuta kuwa ta ce ba da ita aka yi wannan alkawari ba. In ya danna harafi, sai ya sha ruwa ya goge baki kafin harafin ya fito. Aka yi azahar aka dawo, ba a wuce rubuta sallamar saman katin ba. Malam na zaune yana jan carbi, gumi na bin gemunsa. Mas'ud ga haushi, ga kunyar suruki ta hana shi ko tsaki.

Ya sulale bayan shago ya kira Hamman, mai gyaran kwamfuta a Tiga.

Hamman ya ce, "Me ka taɓa?"

"Ni? Ba komai. Ɓarna kawai na rage mata."

"A-Kashe! Har cikin bayos ka bi ta? Ka kashe mata kesh ke nan, 'yar ma'ajiyarta ta kusa da hannu."

"Shi kuma me yake yi ban da shan mai?"

"Ka ga mai shayin tasharku? Sukarinsa a kan tebur yake. Kai ka kwashe, ka ce kowane cokali sai ya je gida ya ɗebo. Haka take yi yanzu, janaretanka kuma yana ta shan mai yana jiranta."

Wannan ta ƙarshen ce ta shige shi. Da gudu ya koma, Hamman na faɗa masa a waya, ya mayar da komai yadda ya same shi. Kafin ka ce me, kati na fitowa da ɗuminsa, ɗan kamasho na ihun "Doguwa, saura mutum ɗaya!"

Malam ya karɓa ya sa albarka. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, don bangon shagon na langa-langa ne, komai ya ji.

"Mas'udu, in abokin nan naka na Tiga ya san yadda ake kunna fanka, ka sake kiransa."

Tun ranar Mas'ud bai ƙara leƙa shuɗin allo ba. Fanka kuwa, Zubaida ta ce sai Malam ya shigo gari take juyawa.