Tob ɗin da Aka Dirje

A gidanmu na Umdurman, da an yi sallar magariba Habboba, kakarmu, take jawo murhun gawayi tsakar gida tana soya gyaɗar da za ta sayar da safe. Mu jikoki mu kewaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don satar gyaɗa. Yaya Usman, babban wanmu, ya shiga jami'a a Khartum, amma wallahi ya fi kowa saurin hannu.

Sai Habboba ta ce, "Ga ta nan tafe, ku rufe baki. Kai Usman, ƙaton banza, cire hannunka!"

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta wata mata mai farin tob, mayafin da ta gada wurin uwarta. Ran nan ɗigon tawada ya faɗa masa. Ta sa sabulu, bai fita ba. Ta sa lemon tsami da toka, yana nan. Sai ta ɗauki dutse ta yi ta dirza har tabon ya tafi, ya bar huji.

"Tabo ana ninke shi ciki a yafa," in ji Habboba. "Huji fa, ya banati, 'yan matana? Me za ki ninke?"

Mu dai dariya muke yi wa sakarar mata.

A zamanin soja, wasu mutane cikin mota marar lamba suka ɗauke Yaya Usman a tashar bas. Har yau ba wanda ya gaya mana inda aka kai shi. Baba ya tsorata, don yana da sauran 'ya'ya maza. Ya shafe rubuce-rubucen Yaya na bangon ɗaki da farar ƙasa, ya ƙone littattafansa, har hotunansa bai bari ba. Ya hana a ambaci sunansa in akwai baƙo. Habboba ba ta ƙara tatsuniya ba har ta rasu.

Ban ga laifin Baba ba, Allah ya jiƙansa. Shi gani yake tabo yake cirewa don mu tsira, kuma mun tsira ɗin. Amma raina yana ɓaci, don da hannunmu muka ƙarasa wa waɗanda suka ɗauke shi aikinsu.

Shekaran jiya ɗiyata ta ce, "Yumma, Kawu Usman da wa yake kama?"

Na rufe ido na neme shi iya nema. Ban ga fuskarsa ba.