Taron Frankfurt a Bani Malik

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a wata sakandare a Funtuwa, kafin na zo Jidda na koma awon yadi a wani shago a Bani Malik. Cikin darussan duka, na Jamus kafin ta haɗe ya fi zauna mini, ƙila don shi yara suka fi yi wa gyangyaɗi. Ƙasashe talatin da tara, kowace da gwamnatinta, harshe kuwa ɗaya. Ɗalibai da malamai suka yi ta cewa duk mai jin Jamusanci ɗan'uwa ne, manomi kuwa bai san kowa ba sai ƙauyensa da sarkinsa.

Da aka rushe Karantina, unguwar da Hausawa suka fi zama a Jidda, mutanenmu suka watse. Sai a yi rasuwa a binne, maƙwabcin shekara ashirin bai ji ba. Abin ya dame mu, muka taru wata Juma'a bayan la'asar a gidan wani dattijo Bakano, mu goma sha, don mu buɗe zaure a waya inda za a riƙa sanar da ciwo da suna da mutuwa.

Wurin raɗa masa suna aka tsaya. Dattijon ya ce Ƴan Najeriya Mazauna Jidda. Mutanen Maraɗi suka haɗe rai, wani Bahaushen Sudan ya tambaya shi kuma ina za a ajiye shi. Aka koma Hausawan Jidda, sai maganar ta faɗa kan wani tsohon maƙwabcina, direban ƙaramar motar kaya, haifaffen Karantina, ɗan shekara arba'in da wani abu. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana rabinta Larabci ce, kuma namiji da mace duk "ke" yake ce musu. Da ya shigo ma cewa ya yi da dattijon, "Baba, kin wuni lafiya?" Dattijon ya rantse wanda ke ce masa "ke" a gaban jama'a ba Bahaushe ba ne, ba za a sa shi ba.

Raina ya ɓaci, don mutumin ba shi da wasu mutane sai mu. Larabawa Takari suke ce masa, Najeriya kuma bai taɓa ganin ta ba. Sai malantar ta motsa. Na miƙe na ba su labarin yadda masu ilimin Jamus suka taru a Frankfurt a 1848 don su haɗa ƙasa, suka kwashe watanni suna gardamar a sa Austriya ko a bar ta, har sarakuna suka farfaɗo taron ya watse. Na ƙara da cewa cire shingayen kwastan da shimfiɗa layin dogo sun fi jawabi haɗa Jamusawa. Na yi minti ashirin ina zuba, shayi ya huce, wani ya fara gyangyaɗi. Da na zauna dattijon ya tambaye ni ko Austriyan nan Musulma ce.

Direban ne ya fitar da mu. Bai kare kansa ba, tambaya kawai ya yi: in an buɗe zauren, wa za a sa a ciki? Kowa lambar mutum biyar ko shida kawai ke gare shi. Shi kuwa shi ya kwashe kayan rabin unguwar lokacin rusau. Ya fara lissafi da yatsu, gidan wane suna Aziziyya hawa na uku, mai kilishi ya koma wajen gari, ungozoma tana wurin ɗiyarta. Dattijon ya katse shi, ya tambayi labarin wata tsohuwa, matar marigayi amininsa, wadda ya yi wata takwas yana cigiya.

"Tana nan, Baba, ni na kai ta. Kullum tana tambaya, ta ce ke kin manta da ita."

Dattijon bai gyara masa ba. Ya laluba takalmansa, ya ce, "Tashi ka kai ni, ɗana."

Ba mu gama maganar suna ba a ranar, kuma biyu daga mutanen Maraɗi sun buɗe nasu zauren daban, har yau muna lallashinsu. Amma mu huɗu muka cusu a bayan motar kayan, dattijon a gaba, muka iske tsohuwar tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube shi, ta ce ai ta ɗauka ya mutu ba a gaya mata ba.