Lemun Inna da Gahawar Baba

Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, daga Gusau zuwa gabas, har bakin iyakar Chadi. A can ya koyo shan gahawa, ya zo mana da ita gida. Da kansa yake soya 'ya'yanta, ya daka a ƙaramin turmi, ya tafasa da citta. Da hawan jini ya sauke shi daga mota, likita ya hana shi ita. Baba ya bi umarni, amma rabi. Ya daina sha, bai daina dafawa ba. Kullum da hantsi sai ya dafa wa abokan hirarsa na ƙofar gida, shi kuma ya zauna yana shaƙar ƙamshi yana haɗiyar yawu.

A tsakar gidanmu akwai itacen lemun tsami da Inna, mahaifiyarmu, ta kawo dashensa daga garinsu, Kwatarkwashi. Bayan rasuwarta itacen ya lalace. Ganye ya yi rawaya yana zuba, ƙasar gindinsa ta taurare, ko ruwa ka zuba sai ya gangare. Yayana kuwa ya ƙwallafa rai a kan gina shago a wannan kusurwar, kuma lemun ne ya tare masa wuri.

"Baba, iccen ga ya mutu," in ji shi. "A sare mu huta."

"Ku bar shi shi ga damana," Baba ya ce. "In bai tashi ba, ni da kaina zan miƙa ma gatari."

Tun daga ranar Baba ya hana a zubar da baƙin garin da ke saura a tukunya bayan an tace gahawa. Wai ya taɓa ganin wata tsohuwa a gabas tana zuba wa na'ana'arta. Ni dai na yi masa tsiya son raina, don ban ga abin da sauran tukunya zai yi wa itacen da ya riga ya sallama ba. Farkon lamarin ma kamar ni ce da gaskiya. Ya riƙa jibga garin da danshinsa a jikin itacen, ya daskare ya yi ɓawo, fumfuna ta rufe shi fari fat.

Bai karaya ba. Ya kankare duka, ya koma shanya garin a faifai. In ya bushe sai ya gauraya da takin awaki da busasshen ganye, ya tona da fartanya ɗan nesa da saiwa, ya binne kaɗan-kaɗan. Abokansa suka samu abin yi.

"Alhaji, yanzu icce ma gahawa shika sha?"

"Ai shi likita bai hana mai ba."

Bayan ruwan farko ya sauka, wata safiya ya kira ni, don ranar bayansa ya ƙi sunkuyuwa. Ya ce in sa hannu in tona. Na durƙusa ina gunaguni, sai yatsuna suka nutse. Ƙasar da a da take mayar da fartanya ta zama baƙa, lallausa, mai sanyi, tana ƙamshi. Na ɗebo tafi guda, sai ga tana suna motsi a ciki, jajaye, masu ƙiba. Tunda aka haife ni a gidan nan ban taɓa ganin tana a tsakar gidanmu ba. Daga ina suka fito? Wa ya sanar da su? Tsigar jikina ta tashi. Na shiga tasbihi, ina kallon abin da muke watsarwa a kwata ya zama rai a tafin hannuna.

Sabon ganye ya biyo baya, kore shar. Daga nan fure ya fito, ƙanana farare, ƙudan zuma suka cika gidan da kuka. Har yau in na tuna sai mamaki ya kama ni sabo.

A lokacin wannan furen ne yayana ya shigo da magini da igiyar awo, don ya riga ya sayi bulo. Baba yana zaune a tabarma. Yaya ya tsaya a ƙarƙashin itacen ya daɗe, fure na faɗo masa a hula. Na ga ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga.

"Malam, nan za mu ja igiya?" magini ya tambaya.

"A'a," in ji Yaya. "Karkata ginin. Inna na wurin."