Mai Neman Birki Mai Kuka

A bayan rumfar tsofaffin kayan babur, wani dattijo ne tsugune gaban tarin ƙarafa, hula ture a ƙeya, jijiyoyin wuya a miƙe. Babur ɗinsa na jingine da bango, tsohon yayi, amma tankin ya sha goga har yana ɗaukar ido. Da gani, mutumin nan ba ya barin kowa ya wanke masa shi. Tayar gaba kuwa tana ɗauke da sabon birki mai faifai, kuma shi yake ta harara.

Gangar birki irin ta da yake nema. Duk wadda ya ɗauko sai ya shafa cikinta da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya ja tsaki, ya yi jifa da ita.

"Baba, wanda aka sa maka ai ya fi kamawa," in ji mai rumfar yana murmushi.

"Wa ya tambaye ka? Aro na ba surukina, ya je aka yi min wannan aika-aika, wai shi gwaninta! Tsohon birkin kuma ya ba 'yan gwangwan. Uwar yarana ba ta gani yanzu. Kukan birkin nan take ji tun daga bakin layi, ta san na dawo. Jiya har na shiga tsakar gida tana tambaya wane ne."

Mai rumfar ya haɗiye murmushinsa, ya tsuguna, ya kama tono.